Surfanin da Ba Shi da Ido

Dubai, 9 ga Oktoba, 2023

Zuwa ga Yaya Ummulkhair,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da 'yarki Bilqis da maigidanta da sauran mutanen gida a Zariya. Yaya gwiwar taki? Ina roƙon ki daina tsallake magani don kin ji sauƙi na kwana biyu. Ni lafiyata ƙalau. Na koma aiki a ɗakin gwaji na masana'antarmu tun makon jiya, kuma ina cin abinci a kan lokaci.

Na zaɓi takarda a kan kiran waya saboda murya ba ta da amana a kwanakin nan, alƙalami kuwa yana jiran mutum ya gama tunani. Zan ɗauki hotonta in turo ta wayar Bilqis. Ina roƙon ke kaɗai ki karanta.

Yau kwana arba'in da uku da rasuwar Mahfuza. Ranar Asabar na je unguwar Al Muraqqabat na kwashe kayanta daga ɗakin da suke zaune ita da Ayishetu, wata 'yar Ghana mai aiki a otal. Tufafin na bayar sadaka kamar yadda kika ce. Magungunan sikila na mayar asibiti. Littattafai da darduma suna wurina.

Kin san aikinta gyaran tsofaffin tufafi ne a unguwar Al Quoz, a wurin wata mata 'yar ƙasar Sin da ake kira Madam Shen. Ban taɓa tambayar ta irin tufafin ba, wannan kuwa sakacina ne. A kan teburinta na ɗakin nasu, kusa da taga, na tarar da wani abu a lulluɓe da farin ƙyalle. Zan siffanta miki shi yadda yake.

Surfani ne a kan farin alharini, an ɗame shi a jikin katako, tsawonsa kamar kamu biyu. Siffar mutum ce, yana zaune ya tanƙwashe ƙafafu a kan furen bado. Kunnuwansa dogaye, sun kusa kafaɗa. Hannun hagu yana cinya, tafin yana kallon sama. Na dama ya sauko, yatsun suna taɓa ƙasa. A bayan kansa akwai da'ira ta zaren zinariya. Wannan shi ne Buda, wanda mutane masu yawa a Sin da maƙwabtanta suke bin addininsa, suna kuma ajiye siffarsa a wuraren ibadarsu. An gama komai, har gira da leɓe. Idanu kaɗai ne babu, wurinsu fari fat.

Shekara ashirin ina auna abubuwa, kuma na koyi kada in yanke hukunci da shaida guda. Sai dai akwai ta biyu. A gefen surfanin akwai littafin da take rubuta aikin kowace rana: launin zare, yawan sa'o'i, da makamantansu. Layi na ƙarshe ta rubuta shi kwana biyu kafin a kwantar da ita a asibiti. Ga abin da ya ce: "Komai ya ƙare, saura Buda."

Ban gaya wa kowa ba, kuma ba na neman a tattauna shi a gida. Na gaya miki ne don ke kika riƙe mini ita tun daga rasuwar mahaifiyarta har ta shekara sha biyar, kina da hakkin sani. Ta fuskar gwaninta aikin ba shi da aibi. Duk wanda ya san hulunan da kike ɗinkawa zai gane hannun. Abin da ta zama, a ɗakinki ta faro shi.

Ina jiran shawararki a kan abin da ya kamata a yi da shi.

Ƙaninki,
Zainul Abideen

Dubai, 27 ga Oktoba, 2023

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Kwana sha takwas ke nan ban ji daga gare ki ba. Bilqis ta ce kin karanta, ta kuma ce lafiyarki lau. Don haka na ɗauka shirun naki amsa ne, ko da yake ban san amsar me ba.

A wannan tsakani na yi abin da na iya, wato karatu. Na gano cewa a da can, a ƙasar Sin, mata sukan ɗinka irin wannan siffa a matsayin ibada. Mace takan shafe shekara ko fiye a kan guda ɗaya, tana tsaga zaren alharini har ya fi gashi siranta, tana ganin kowane sukan allura lada ne. Na kuma gano ma'anar hannun da yake taɓa ƙasa: wai yana kiran ƙasa ne ta yi masa shaida. Littafin Mahfuza ya nuna ta yi wata bakwai a kan nata. Ban ƙirga sukan allurar ba.

Na koma wurin Ayishetu na yi mata tambaya a kaikaice. Ta gane inda na dosa, ba ta kuma ji daɗi ba. Kin san Hausar mutanen zango, mace ma "shi" ce a bakinsu. Ta ce, "Baba, haba. Mahfuza shi ne yake tashe ni asuba kullum, har ina zagin shi. Wannan aiki ne kawai, khalas, shi ke nan." Na gode mata. Ban musa ba, amma abokiyar zama tana ganin goshi ne a ƙasa, ba ta ganin abin da ke cikin ƙirji. Littafin kuwa ba don kowa aka rubuta shi ba.

Wurin Madam Shen ban je ba. Ba na jin ya dace in je in tambayi baƙuwa addinin 'yata.

Surfanin yana bayan ƙofar ɗakina, fuskarsa ga bango. A masana'antarmu ana kwashe sharar ɗakin gwaji a kai ta tanderu ranar goma ga kowane wata. Idan ban ji wani dalili daga gare ki ba, zan sa shi a cikin ta watan gobe, tare da littafin. Ina ganin hakan ya fi rufa mata asiri.

A gaida kowa.

Zainul Abideen

Zariya, 2 ga Nuwamba

Zainu,

Wa alaikas salam. Muna lafiya, gwiwa tana nan yadda ka san ta, ba ita ce damuwata ba.

Kana tambayar dalilin shiru? Yaro, shirun nan alheri na yi maka. Da na amsa a makon farko, da ba ka sake kirana Yaya ba. "Abin da ta zama, a ɗakinki ta faro shi." Ka rubuta wannan da hannunka, ka turo mini, ina cikin makokin yarinyar da na goya a bayana kana can kana karatun digiri na uku. Wato ni na koya mata gunki ke nan? Ni da na kai ta makarantar allo da ƙafata, na riƙe mata fitila har ta sauke? Allura na koya mata, Dakta, allura. Idan ka ga laifin allura, cire hular da ke kanka, ni na ɗinka ta.

Wannan ɗaya ke nan. Na biyu ya fi ci mini rai. Na karanta takardunka biyu, kowace sau uku. Ka gaya mini tsawon ƙyalle, ka gaya mini tsawon kunne, ka gaya mini ranar kwashe shara. Ka ambaci sunanta, ka wuce. Ko sau ɗaya ba ka ce Allah ya jiƙanta ba. Kai da ko kazar maƙwabta ta mutu sai ka yi jaje da Larabci. Kada ka ce mantuwa ce, kai ba ka mantuwa. Gaya mini gaskiya: rabonka da kabarinta yaushe?

Kada ka ƙona komai. Ban ce ka rataye shi a falo ba, ni ma ba zan kwana ɗaki ɗaya da shi ba. Amma ba a yanke wa mamaci hukunci ba a ji ta bakinsa ba, bakinta kuwa yanzu littafin nan ne. Ba na son abin da ka kwafo. Ka ɗauki hoton shafin kansa, da rubutun hannunta, ka turo mini. Shekara talatin da ɗaya na yi ina duba littattafan 'yan aji uku, na san bambancin abin da yaro ya rubuta da abin da babba ya karanta.

Allah ya jiƙan 'yata Mahfuza, ya haskaka kabarinta. Tun da kai ka kasa, ni na faɗa.

Yayarka,
Ummulkhair

Dubai, 3 ga Nuwamba, 2023

Yaya,

Assalamu alaikum. Saƙonki ya iso, na gode.

Game da jimlar da ta ɓata miki rai: yabo na yi nufi. Ina nufin gwanintar hannunta daga gare ki take. Na sake karantawa, na ga tana ɗaukar ma'anar da kika ba ta. Laifina ne, ki yafe mini.

Game da tambayarki: rabona da maƙabartar Al Quoz tun ranar da na buɗe littafin. Nakan bi ta gefenta a mota sau biyu a mako. Ba mantuwa ba ce, kin yi gaskiya. Nakan ɗaga hannu bayan salla, in na zo kan sunanta sai in tsaya, domin ban san ko addu'ar da zan yi ta halatta gare ni ba, kuma ba na son in roƙi Allah abin da nake shakka a kansa. Wannan shi ne iyakar abin da zan iya faɗa a kai.

Ga hoton shafin. Ba na tsammanin zai canza wani abu. Ranar goma tana nan yadda na ce.

Zainul Abideen

Zariya, 4 ga Nuwamba

Zainu,

Na yafe. Bar wannan, ɗauko littafin ka buɗe shafin, ka sa tabarau.

Me ka gani? Ni ga abin da na gani, harafi da harafi: "komai ya kare, saura buda."

To, Dakta, ina tambaya. Wane kare? Na gidan wa? Baƙi ne ko ja? Ka ga "kare", ba ka ce 'yarka ta koma kiwon karnuka ba. Ka san ƙare take nufi, ka sa mata ƙugiyar da kanka, ko sanarwa ba ka yi ba. Da ka zo kan kalma ta ƙarshe kuma sai ka hana ta ƙugiyarta, ka ɗaga mata babban harafi, ka mai da ta sunan mutum. Duba da kyau, ƙaramin ba ne. Duba sauran shafin: "dinki", "karfe hudu", "bakin zare". Yarinyar nan tun tana aji ɗaya ba ta taɓa lanƙwasa harafi ba. Ni malamar Hausa, 'yar ɗakina tana rubuta "kasa" a maimakon ƙasa, har sauran malamai suna yi mini dariya. Na yi faɗa, na yi lallashi, ta ce, "Gwaggo, ai kin gane." Kai ba ka san wannan ba, don da Turanci take rubuta maka.

Buɗa ta rubuta. Saura buɗa.

Kuma na san maganar, don a ɗakina ta samo asali. In muna ɗinkin hula, ita takan cike zanen duka, sai a bar 'yan ramukan nan da ake hudawa da tsinke a zagaye da zare. Mu a gidan nan buɗa ido muke ce masa. Tana tsoronsa, don ta taɓa yaga mini hular wani alhaji. Saboda haka in ta gama nata sai ta ajiye mini a kan matashi ta ce, "Gwaggo, komai ya ƙare, saura buɗa." Ma'ana nata ya ƙare, sauran na babba ne. Na ji wannan magana ta fi sau ɗari. Da na gan ta a hoton nan sai da na ajiye wayar na fita tsakar gida.

Kai da bakinka ka ce abin ba shi da idanu. Ban san wa ta bar wa ba a can. Tashi ka je wurin matar nan ka tambaya. Ba addinin 'yarka za ka tambaye ta ba, aikin 'yarka za ka tambaya, abin da ya kamata ka yi tun tana da rai.

Bilqis ta tafi bikin suna Kaduna da wayar, sai ta dawo za a turo wannan. Allah ya sa ta riga motar shararku.

Ummulkhair

Dubai, 12 ga Nuwamba, 2023

Zuwa ga Yaya Ummulkhair,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kuna lafiya, kuma Bilqis ta dawo lafiya. Allah ya raya abin da aka samu. Ni lafiyata ƙalau.

Takardarki ta iso ranar Alhamis, tara ga wata, da azahar. A lokacin surfanin da littafin suna cikin jakar shara a ofishina, na ɗaure bakinta, na manna mata lamba. Na kwance, na buɗe shafin, na sa tabarau kamar yadda kika umarta. Ƙaramin harafi ne. Na duba littafin daga farko har ƙarshe, shafi tamanin da shida, ban sami ƙugiya ko ɗaya ba. A wurare huɗu da ta ambaci siffar kanta, "mutumin" ta kira shi: "hannun mutumin", "rigar mutumin". Duk wannan yana gabana tun ranar farko. Ba ni da uzuri.

Jiya Asabar na je Al Quoz. Wurin wani tsohon sito ne a tsakanin masu gyaran motoci, an gyara cikinsa, an sanyaya shi, ba a barin hasken rana ya shiga. Madam Shen dattijuwa ce, za ta kai shekarunki. Ta gane ni kafin in faɗi sunana, ta ce goshinmu ɗaya. Ta ce ta zo jana'iza ta tsaya daga waje, ba ta san ko ya dace ta yi mini magana ba.

Ta kai ni wani dogon tebur ta yaye takarda. Na asalin ne a kwance, wanda Mahfuza ta kwaikwaya. Ta ce ya haura shekara ɗari huɗu, wani mai tara kayan tarihi ya kawo a gyara. Alharinin ya koma ruwan ƙasa, zinariyar ta dushe, amma shi ne: badon, kunnuwan, hannun da yake taɓa ƙasa. A ka'idarta ba a barin ma'aikaci ya taɓa tsohon abu sai ya ɗinka irinsa a sabon ƙyalle, ya san ta inda kowane zare ya bi. Wata bakwai ɗin nan jarrabawa ce. Ta ce a shekara talatin mutum uku ne suka ci ta a zama ɗaya.

Shi ma na asalin ba shi da idanu. Na tambayi dalili. Ta ce baƙin zaren da aka yi su da shi an rina shi da ruwan ƙarfe, ƙarfe kuwa yana cin alharini a hankali, shi ya sa baƙi yake riga kowane launi mutuwa. Wannan na san shi a aikina, kuma shi ne abu na farko da na fahimta sarai a cikin wata biyu.

Sai na yi tambayar da kika aiko ni. Zan kawo amsarta yadda ta faɗa, gwargwadon yadda zan iya mai da ita Hausa. Ta ce, "Ranar da na ba ta aikin ta ce mini, Madam, zan yi riga, zan yi fure, zan yi hannu, amma ido ba zan sa ba, ke za ki sa. Na ce me ya sa? Ta ce ita mai gyaran tufa ce, iyakarta ke nan, kuma tana da wanda za ta yi wa bayani. Na zaci ku take nufi. Ta nuna sama, ta ce a'a, wanda ya fi Baba tsanani."

Ta ce ba ta ja da ita ba, domin su ma a wurinsu ido ne ƙarshe. Masu wannan addini suna da biki na musamman da suke kira buɗe ido, kuma kafin a yi shi da yawansu ba sa ɗaukar siffa a matsayin abin girmamawa, ƙyalle ne da zare. Ta ce da ta gaya wa Mahfuza haka, sai da ta ajiye allura don dariya, ta ce, "Ashe Gwaggona 'yar Sin ce ban sani ba." Na yi alkawarin zan isar miki da wannan.

Ban san hukuncin malamai a kan sauran aikin ba, wataƙila za su saɓa. Ban je neman wannan ba. Na je neman inda ta tsaya, na kuwa ga wurin da idona: fari ne, faɗinsa bai kai ƙwayar wake ba, guda biyu.

Surfanin na bar shi a can. Madam Shen ta roƙa don masu koyo su riƙa gani, za ta ajiye shi a aljihun tebur da sunan Mahfuza a jiki. Sharaɗi ɗaya na gindaya, kada kowa ya ƙarasa shi. Ta ce ko ban faɗa ba.

Daga wurin zuwa maƙabarta tafiyar minti bakwai ce a mota. Na isa bayan la'asar. Na daɗe kaɗan.

Alhaji Dikko mai jigilar kaya zuwa gida zai taso ranar Laraba. Na ba shi ƙunshi ya kawo miki: alluranta, da ɗan almakashinta, da littafin. Naki ne, ke kika iya karanta shi. Ban gyara komai a ciki ba.

Ki gaida Bilqis da maigidanta. Ki sha magani.

Allah ya jiƙan Mahfuza. Allah ya jiƙan 'yata, ya gafarta mata, ya gafarta wa ubanta.

Ƙaninki,
Zainu